Rigar da Muka Kai Garwa

Tun da muka dawo daga Kamaru shagona ya koma wurin amsa tambaya. Wadda ta kawo ɗinki sai ta ajiye leda ta ce, "Binta, yaya Garwa?" Wadda ba ta kawo komai ba ma sai ta leƙo, wai ta ji an ce mun ga rawa, in nuna mata a waya. Ko hoto ɗaya babu a wayata, kuma na gaji da cewa lafiya lau alhali ba haka ba ne. Shi ya sa na zauna in rubuta sau ɗaya in huta. Na nemi izinin Hajiya Mairo, ta ce in faɗa yadda aka yi, kar in yi wa kowa kwalliya.

Mu huɗu muka tashi daga Bauchi, duk 'yan layi ɗaya a kasuwa. Akwai ni, tela. Akwai Anti Lami mai sayar da atamfa, wadda in ta ji ƙamshin suya sai ta manta da sunanta. Akwai Malama Saudatu mai hijabai, wadda ba ta shiga mota sai ta karanta wa direba addu'a ya amsa. Sai Hajiya Mairo, babbarmu, mai shadda. Mu ukun sarin atamfar Kamaru ya kai mu, ita kuwa Hajiya yayanta za ta gani.

Shekarun da muka yi tare da ita, ban taɓa sanin ba Bahaushiya ba ce sai ana saura mako mu tafi. Ta shigo shagona da farar shadda mai tsada, ta ja labule, ta ce in ɗinka wa namiji babbar riga. Na ce ina awo? Ta ce babu, rabonta da shi tun tana budurwa. A nan ta gaya mini a kan wani dutse aka haife ta, arewa da Garwa. Ta so wani direban babbar mota ɗan Bauchi, ta musulunta ta bi shi. Ranar da za ta sauko daga dutsen, yayanta, wanda shi ya rene ta bayan rasuwar iyayensu, ya ce in ta taka hanyar nan kar ta sake hawowa. Ba ta sake ba. Yanzu ɗansa ya nemo lambarta ya kira, ya ce tsohon yana kwance, kuma ya ce a kira masa ƙanwarsa.

"Ba na so in je ni kaɗai, Binta," in ji ta. "So nake ya gan ni da mutane, ya san ban wulaƙanta ba."

Na yi wa rigar nan aikin da ban taɓa yi wa rigar mijina ba. Muka yi alkawari mu ukun cewa muna isa, dutse za mu fara hawa, kasuwa daga baya.

Hanyar Bauchi zuwa Yola kun san ta, ba sai na tayar muku da ciwon baya ba. Daga Yola muka shiga wata ƙaramar mota zuwa bakin kogi, inda aka ce mu sauka mu hau kwale-kwale. Malama Saudatu ta dubi ruwan, ta dubi jirgin, ta ce ita ba a gaya mata da wannan ba. Sai da ta ga an ɗora babur da buhunan albasa da wata tsohuwa mai kaji, jirgin bai nutse ba, sannan ta shiga ta rufe ido. Har muka haye hannunta na cikin nawa, farcenta ya bar mini shaida.

A ɗaya gefen jandarma, 'yan sandan can, suka tare mu. Wani dogo ya karɓi katin rigakafinmu yana jujjuyawa, yana Faransanci kamar mai kurkure baki. Ya buɗe jakata ya zaro almakashina, babban nan mai baƙin hannu da ba na rabuwa da shi, ya ɗaga sama kamar ya kama bindiga. Na yi Hausa, na yi ɗan Turancin da nake da shi, ko gezau. Sai Hajiya Mairo ta matso ta yi masa magana da Fulatanci, Fulatanci mai santsi wanda ba mu taɓa ji a bakinta ba. Mutumin ya yi dariya, ya nuna wani maɓalli da ke lilo a rigarsa. A bakin iyakar ƙasa, a tsaye, na ɗinke wa jandarma maɓalli, ya mayar mini da almakashina har da "mersi madam". Anti Lami ta ce wa Hajiya, "Ashe da wani bakin kike tafe a ɓoye!" Hajiya ba ta yi dariya ba.

Garwa zafi. Na san zafin Bauchi, na ɗanɗana na Yola, amma wannan ko ruwan randa ka taɓa sai ka ji kamar an ɗora shi a wuta. Mun sauka a gidan wata dattijuwa mai saukar fatake mata, asalin kakanninta Kanawa ne. Hausarta na tafiya lafiya lau, sai ta jefa Fulatanci a tsakiya, ta rufe da Faransanci, ta tsaya tana jiran amsa. Abin da ya fara tsayar da ni a garin shi ne babura. Na ga mace da lulluɓinta, da jakarta, ta murɗa babur ita da kanta ta wuce mu, ko kallo ba wanda ya bi ta da shi. Malama ta ce, "Innalillahi." Anti Lami ta ce ita kam in ta koma sai ta koya.

Washegari ya kamata mu hau dutse. Da muka idar da sallar asuba uwar masaukinmu ta ce babban dillalin atamfa zai yi tafiya a ranar, in ba mu same shi da safe ba sai wani makon. Anti Lami ta kama maganar nan ta riƙe. Ta ce, "Hajiya, kwana ɗaya ne fa. Wanda ya jira shekara da shekaru, yini ɗaya ba zai gagare shi ba." Ni ma na ce haka ne. Hajiya ta gwada kiran ɗan yayan nata, wayar ba ta shiga, an ce kan dutsen sai an hau wani tudu ake samun layi. Ta zauna tana shafa ledar rigar. Na lura kamar ita ma tana tsoron zuwan, don da sauri ta ce, "To, gobe."

Muka yi sari har azahar. Da la'asar sakaliya Anti Lami ta ce ba za ta zo ƙasar mutane ta ci tuwon gida ba, muka fita bakin titi.

Jama'a, mutanen nan suna ci. Layi guda na mata, kowacce da murhun gawayi, kifi kwance a kan waya, manya kamar cinyar mutum, an tsattsaga su an cusa yaji. Kai za ka nuna wanda kake so, a gasa a gabanka, a kawo da wani rogo da aka naɗe cikin ganye, dogo kamar kara. Da na kwance ganyen na ji tsami ya bugi hancina, na ce wannan ya lalace. Mai kifin ta ce haka yake, in ci. Na ci, na ƙara, na nemi na uku. Gaba kaɗan wani mai shayi ya fasa ƙwai, ya zuba dafaffiyar taliya a ciki, ya soya, ya tura duka cikin wani burodi mai tsawon hannu da tauri kamar icce. Na tsaya ina kallonsa baki buɗe. Taliya a cikin ƙwai a cikin burodi, kuma mutane na layi!

Malama Saudatu, da ta ƙi taɓa komai sai ta tambayi wanda ya yanka, ta hango wata mata a gindin bishiya da babbar tukunya da ƙore, ta ce alhamdu lillahi ga kunu. Ta miƙa hannu. Matar ta dubi hijabinta tun daga sama har ƙasa, ta rufe tukunyar ta ce, "A'a madam, wannan ba naki ba ne." Burkutu ne, su suna ce masa bilbil. Malama ta dawo tana istigfari, har muka kai gida tana wanke hannun da bai taɓa komai ba.

Abin da ya kayar da mu shi ne na ƙarshe. Anti Lami ta gano wani mai haɗa fiya da albasa da tumatir, ya kwarara madarar gwangwani mai zaƙi a kai. Na ce Anti, wannan haɗin ko a mafarki ban taɓa gani ba. Ta ce ai shi ya sa za mu ci. Muka ci ni da ita, har Malama ta ɗanɗana tunda babu yanka a ciki. Hajiya ce kaɗai ba ta ci ba.

Kashegari ba wadda ta iya nisa da buta a cikinmu mu ukun. Ina kwance a tabarma ina jin Hajiya tana kai da kawowa a tsakar gida, ta jiƙa mana kanwa, ta dafa ruwan zafi, ta sake gwada wayar. Uwar masauki ta ce mata ta tafi mana, ga mota za a samo. Hajiya ta leƙo ɗaki ta dube mu, mu uku a zube, ta ce, "Da su na ce zan je." Wannan yinin ma ya tafi.

Da gari ya sake wayewa muka lallaɓa muka shiga motar wani dattijo, Baffa Hammadu, muka yi arewa. Kwalta ta ƙare, muka bi ta cikin gonakin auduga da dawa, har hanyar ta tsaya a gindin dutse. Baffa ya ce motarsa ba akuya ba ce, a nan zai jira mu. Muka fara hawa, ni ke riƙe da ledar riga.

Ba mu yi nisa ba muka fara jin ganga. Kiɗa mai nauyi, da ƙaho, da muryoyin mata. Hajiya ta tsaya cak. Ta nemi wani falalen dutse ta zauna, ta ce, "Ku yi gaba, ina zuwa." Mun san tana fama da gwiwa, ba mu kawo komai a ranmu ba. Malama ta ce za ta zauna da ita, ni da Anti Lami muka ci gaba.

Muna kaiwa sama muka tarar da fili cike da mutane. Maza sun yi da'ira, ƙafafunsu ɗaure da kacau-kacau, suna buga ƙasa tare har kana ji a ƙirjinka. Mata na zagaye da su da ƙore a hannu suna kaɗawa, tsofaffi da masu goyo, kowa na rawa, wasu na dariya, ana zuba abin sha ana miƙawa. Ban taɓa ganin tsohuwa mai furfura ta yi tsalle irin na ranar ba. Anti Lami, wadda jiya ko tsayuwa ba ta iya yi, ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce, "Binta, biki muka taka! Hajiya ta zo a sa'a." Ta rangaɗa guɗa irin ta gidan biki a Bauchi. Matan suka juyo, suka amsa mata, suka buɗe mata hanya. Ni ma, ba zan ɓoye ba, kafaɗata ta fara motsi.

A tsakiyar filin, ƙarƙashin wata rumfa, an zaunar da mutum a kan kujera mai tudu. An nannaɗe shi da ƙyalle fari da mai launi tun daga ƙafa har wuya, an rufe fuskar, an ɗora masa hula. Ana ƙona wani ganye a gefensa, hayaƙi na tashi. Hannunsa na dama ne kawai a waje, an miƙe shi an tokare da sanda mai baki biyu. Anti Lami ta ce, "Ikon Allah, su a nan ango ake lulluɓewa!" Ta buɗe jaka ta zaro sababbin kuɗi, ta nufe shi tana taku, za ta yi masa liƙi. Ta manna a goshi, takardar ta zame ta faɗi. Ta sake, ta sake faɗuwa. Sai ta kama hannun nan da ke waje don ta danƙa masa.

Ƙarar da ta yi har yau tana kunnena. Ta saki hannun ta yi baya, ta faɗo a kaina. "Sanyi, Binta! Hannun da sanyi! Gawa ce!"

Na tallabe ta. Mu da muke rufe mamaci kafin rana ta juya, mu da in aka ɗaga murya wurin kuka sai a tsawatar, ga mu tsaye a gaban gawa a zaune da hula, ana yi mata kiɗa, kuma mun yi mata guɗa. Na rasa inda zan sa idona. Abin da ya ƙara kashe mini jiki, babu wanda ya ji haushinmu. Wata mata ma ta tsince kuɗin ta soke su a jikin ƙyallen, ta dafa kafaɗar Anti Lami kamar mai godiya.

Wani magidanci ya ratso taron ya zo wurinmu, da ƙaramin gicciye a wuyansa. Ya yi mana sannu da Hausar kasuwa, ya ce sunansa Bulus. Ya dubi ledar da ke hannuna ya ce, "Ku ne baƙin Najeriya? Ina gwaggona?"

Kafin in buɗe baki kiɗan ya sassauta. Hajiya Mairo ce ta iso bakin filin, Malama na riƙe da ita. Wata tsohuwa ta ajiye ƙoryarta, ta ƙura mata ido, ta kira ta da wani suna da ba mu taɓa ji ba. Hajiya ta amsa. Daga baya ta gaya mini tun a ƙasa ta gane kiɗan, don irinsa aka yi wa mahaifinsu tana yarinya.

Bulus ya durƙusa a gabanta. Ya ce, "Gwaggo, jiya da hantsi Baba ya rasu. Shekaranjiya ya sa muka fito da shi ƙofar gida, ya yini yana kallon hanya." Ni da Anti Lami muka dubi juna. Shekaranjiya muna wurin dillalin atamfa, muna gardama a kan wace kala ce ba ta zuba. Kunya da baƙin ciki suka rufe ni, na ji da ma ƙasa ta tsage.

Hajiya ba ta dube mu ba. Hannun take kallo. Ta tambayi Bulus me ya sa aka bar shi a buɗe. Ya ce a al'adarsu kowane ɗan'uwa yana kawo ƙyalle a naɗa wa mamaci, kowa da inda zai rufe, sai an gama a kai shi makwanci. Ya ce, "Baba ya ce kar kowa ya taɓa hannun dama. Ya ce na ƙanwarsa ne, tana hanya. Tun jiya dattawa ke cewa a rufe a tafi saboda zafi, na ce a ƙara jira."

Hajiya ta karɓi ledar daga hannuna ta zaro rigar. Farar shaddar ta ɗauki rana, aikin wuyan na ƙyalli, har matan suka yi wata 'yar ƙara. Bulus ya ce a hankali, ba a sa wa mamaci ɗinkakken abu, sai ƙyalle da aka yanka tsiri-tsiri. Hajiya ta juyo gare ni.

"Binta, almakashinki na nan?"

Na zauna a ƙasa a gaban gawar mutumin da na yi wa riga ban taɓa ganinsa ba, na shimfiɗa ta a cinyata. Na sa almakashi. Na yi mako ina ɗinkin nan, na yanka shi cikin abin da bai kai a dafa shayi ba. Ina yankawa ina miƙa mata, tana naɗawa tun daga kafaɗa, a hankali, tana yi masa magana da harshensu ƙasa-ƙasa. Da ta zo tafin hannun sai ta tsaya, ta sa nata a ciki ta riƙe, ta daɗe, sannan ta rufe. Anti Lami ta cire sabon gyalen da ta saya a Garwa, ta miƙa wa Bulus tana kuka, ta ce a haɗa da shi in ana karɓar na baƙo. Aka karɓa.

Ganga ta sake tashi. Tsohuwar nan ta miƙo wa Hajiya ƙorya. Hajiya Mairo fa, wadda ta je Makka, wadda in 'yanmata suka kunna kiɗa a layinmu take aikawa a kashe. Ta tuɓe takalmanta, ta ajiye jaka, ta shiga cikin matan da hijabinta har ƙasa. Ƙafarta ba ta yi kuskure ko sau ɗaya ba, gwiwar da ke hana ta hawa bene ma ban ga alamarta ba. Hawaye na zuba, tana juyawa, tana kaɗa ƙoryar. Na saci kallon Malama Saudatu, ina jiran ta ce wani abu. Ta juya wa filin baya, bakinta na motsi. Amma da na duba hannunta, takalman Hajiya ne da jakarta ta rungume a ƙirji, kuma ba ta ajiye ba har aka gama.

Ba mu bi su makwanci ba. Muka sauko da yamma, Baffa Hammadu ya dubi fuskokinmu ya tayar da mota. Da muka shigo Garwa hayaƙin masu kifi ya shigo ta taga, Anti Lami ta ɗaga gilashi. A nan ta kama hannun Hajiya ta ce, "Hajiya, ki yafe mini. Ni na ce gobe." Hajiya ta ce, "Ni ma na ce to, Lami. Bar shi."

Ga Garwa, ga rawar da kuke ta tambaya. Atamfar mun kawo, tana shagon Anti Lami, mai so ta je ta zaɓa.

Bayan mun dawo da 'yan kwanaki Hajiya ta shigo shagona ta ja labule kamar wancan karon. Ta kwance bakin mayafinta ta fito da wuyan rigar, wurin aikin, wanda ya yi tauri ba ya naɗuwa, na yanke na ajiye a gefe ranar. Ban san ta ɗauka ba. Ta shimfiɗa shi a kan kekena ta lallashe shi da tafin hannu.

"Ki kama mini bakinsa, Binta," ta ce, "kar ya zare."